Tafiyar Asabar Tun Laraba Ake Ɗaure Kayanta

'Yan uwana mata, musamman 'yan matan ƙetaren kogin Kaduna, mutanen Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Narayi da Television har can Sabon Tasha. Ga hutu ya ƙarato, na kuma san a gidaje da yawa an fara zancen tafiya, wasu Zariya za su, wasu Kano ko Katsina wajen kakanni, wasu Abuja gidan ƙanwar Umma, maƙwabtanmu kuwa in Kirsimeti ta zo sai Kachia da Zonkwa da Kafanchan. Na kuma san wadda za a kalla ranar tashi a ce "ina takalmin auta? ina makullin ɗaki?" ke ce, babbar 'yar gida. To matso kusa mu zagaya unguwannin namu tukuna, don shirin tafiyar mutanen ƙetare da bakin gada yake farawa.

Garin da gada ta raba

Kogin Kaduna ya ratsa gari ya raba shi biyu. Duk wadda ta taso daga cikin gari ta wuce shataletalen filin wasa na Ahmadu Bello, gada za ta hau. In rani ne za ki leƙa ki ga duwatsu sun fito fili, ga masu wanki sun baza shanya a kansu, ga masunta cikin ƙananan jirage. In kuwa watan Agusta ne ko Satumba, ruwan ya cika ya yi ja yana gudu har sai gabanki ya faɗi. Kina sauka daga gadar sai ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, Kaduna Junction, da kasuwarta ta kayan marmari, ƙamshin lemo da abarba yana cakuɗe da hayaƙin motoci. Daga nan hanya ta miƙe ta shige Kakuri.

Wannan yanki namu da agogo aka gina shi, 'yar uwa. Jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano ya fara ratsa nan tun wajen 1912, kafin ma Turawa su kwaso hedkwatar Arewa daga Zungeru su dawo da ita Kaduna a 1917. A 1927 aka haɗo layin gabas ta Kafanchan, shi ya sa ake ce wa tashar mahaɗa. Bayan jirgi sai masaƙu. A 1957, zamanin Sardauna, masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, daga baya wasu suka biyo ta, irin su Arewa Textiles da UNTL mai buga atamfa, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975. Dubban magidanta suka cika unguwannin nan, wasu aikin safe, wasu na rana, wasu na dare, kowa da lokacin shigarsa da ba a ɗaga masa ƙafa.

Ki tambayi kakarki in a nan ta yi zaman aure. Matar ma'aikacin masaƙa ba ta jira sai maigida ya sa takalmi sannan ta hura wuta. Ta san ƙarfe nawa zai bar gida, sai ta ƙirgo baya, ta san ƙarfe nawa tuwo zai sauka, ta san ƙarfe nawa za ta kai niƙa. Yau yawancin masaƙun nan sun yi shiru, Kaduna Textiles ma tun 2002 aka rufe ta, ciyawa ta cinye harabarta. Amma dabarar nan ta iyayenmu ta ƙirgo lokaci daga baya tana nan da amfaninta, kuma ita ce sirrin haɗa kayan tafiya gaba ɗaya.

Kowace tasha da halinta

Kafin ki taɓa akwati ki fara tambayar Baba: ta wace tasha za mu tashi? Domin amsar ita za ta gaya miki lokacin da za ki ɗaure jakar ƙarshe.

In Zariya ne ko Kano ko Katsina, to Kawo za ku, can ƙarshen arewacin gari. Ke nan sai kun ƙetare kogi kun ratsa garin tun daga wutsiya har kai, ko dai ta gadar filin wasa ku bi tsakiyar gari, ko ta titin Nnamdi Azikiwe da ya zagaya ta yamma, wanda manyan motoci suka fi bi. Da safiyar ranar aiki kuwa kowa ya san yadda bakin gada ke cushewa, ma'aikata da 'yan makaranta da 'yan kasuwa duk sun nufi cikin gari lokaci guda. Daga Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, zuwa Kano kuma wajen 230, ta Mararrabar Jos da Jaji da Zariya da Kwanar Ɗangora da Kura. Amma wallahi akwai ranar da fita daga Barnawa zuwa Kawo kan fi wa mutum wuya bisa ga Kawo zuwa Zariya.

In Abuja ce a mota, kun huta da gada, don hanyar a wajenmu take, ta Gonin Gora da Rijana da Katari da Jere. In kudancin jiha ne ko ƙasar gabas, ga tashar Television nan kusa, motocin Kachia su bi ta Sabon Tasha su wuce matatar mai da Kujama da Kasuwan Magani. Sai dai ranakun ƙarshen Disamba tashar kan cika maƙil, don kowa yana son ya yi Kirsimeti a gida, mutanen Kagoro kuma ga bikinsu na Afan ranar 1 ga Janairu.

In kuwa jirgin ƙasa na Abuja za ku hau, kada ki ga tsohuwar tasha a ƙofar gidanku ki saki jiki. Wannan sabon jirgin da aka buɗe a 2016 daga Rigasa yake tashi, can yammacin gari a ɗaya gefen kogin, tafiyar kilomita 186 zuwa Idu. Tun 2021 aka fara sayar da tikitinsa ta intanet, bayan ya dawo aiki a Disambar 2022 kuma aka shiga neman shaidar ɗan ƙasa. Lokutan tashinsa kan canza, saboda haka a bincika a makon tafiyar. Mota dai in kun makara ku jira ta gaba ta yi lodi. Jirgi kuwa ko sarki ne ya makara sai dai ya hango wutsiyarsa.

Wata za ta ce, to in an makara mene ne, ai hutu za mu ba jarrabawa ba. A'a ƙawata, akwai abin da ya fi haka. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan, ba mu manta da harin da aka kai wa jirgin Abuja ranar 28 ga Maris 2022 ba, wanda ya sa aka dakatar da shi wata takwas. Shi ya sa manya ba sa son magariba ta riske su a daji da mata da ƙananan yara. Awa biyun da aka ɓata da safe ana neman ɗan kunne da hular jariri, a ƙarshen tafiya ake biyan su, lokacin da rana ta yi ja, direba ya fara gudun wuce sa'a don ya cim ma gari. Kin ga ashe haɗa kaya da wuri har da tsaron rai a ciki.

Ƙirgo baya

Bari mu yi lissafi irin na kakanninmu. A ce ranar Asabar za ku Kano daga Makera, kuma Baba yana son ku yi azahar a can. Ke nan ya kamata mota ta bar Kawo wajen ƙarfe 8. Motar haya ba ta tashi sai ta cika, ku kuma kuna son kujeru a jere don kada a raba ki da ƙannenki, to ku kasance a tasha ƙarfe 7. Ki ware wa hanya da gada awa guda ko da ba za ta kai ba, ke nan ƙarfe 6 kun kulle gida. Tsakanin sallar asuba da ƙarfe 6 me zai shiga? Wanka, karin kumallo, shirya yara, shi ke nan. Babu gurbin guga, babu gurbin ninke kaya. Ashe tun daren Juma'a kowace jaka tana bakin ƙofa a ɗaure. In kuwa haka ne, guga ranar Alhamis, wanki ranar Talata ko Laraba. Hausawa suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to haka ma Asabar ɗin tafiya.

Ki samu takarda daga bayan littafinki ki ja layi, ki rubuta ranakun daga ƙarshe zuwa farko, ki manna a jikin ƙofar ɗakin Umma. 'Yan makarantar kwana, irin 'yan Queen Amina da ke nan Kakuri, sun riga sun san daɗin takardar lissafin kaya, don duk wadda ta taɓa komawa makaranta babu bokiti ba ta sake wasa da ita.

Saura mako guda, maganar tela da magani. In ɗinkinku yana Kasuwar Barci ko wajen wani tela a Tudun Wada, ki tuna duk zuwa ɗaya ƙetare kogi ne, kuɗin mota ne da rabin yini. Tun ranar kai ɗinki ki sa masa ranar karɓa mako guda kafin tafiya, don ko ya ce "ki dawo jibi" jibin ba zai haɗu da ranar tashi ba. Ɗinkin ƙaramar Sallah kuwa tun kafin azumi ake kai shi. Kuma ki lura, babbar Sallah ana sanin ranarta tun da aka ga watan Zulhajji, kwana goma ke nan a hannunki. Ƙaramar Sallah kuwa sai daren 29 ga Ramadan ake jiran sanarwar Sarkin Musulmi. Mai hankali shirin 29 take yi, in azumi ya cika 30 ta samu ribar yini guda ta huta. A makon nan ne kuma za a duba maganin duk mai shan magani kullum, na hawan jinin Baba, na asma, na mai sikila, a tabbata zai kai har a dawo, don ba kowane ƙauye za a same shi ba.

Ranar Litinin, ranar tsaraba. Mu mutanen ƙetare Allah ya hutar da mu, ga Kasuwar Monday a Kakuri. Abin da mutanen Kano da Katsina ke murna da shi daga wajenmu shi ne doya da manja da citta, wadda kudancin jihar nan ya yi suna wajen nomanta. Waɗannan duk ba sa lalacewa, a saye su tun Litinin a ɗaure. Lemo da abarba da ayaba su bari sai jajibere, burodi kuwa a tasha ma za a samu. Ki rubuta sunan kowa da abin da za a ba shi, don kin san halin dangi, kaka za ta yafe, amma gwaggo in aka tsallake ta har baɗi tana faɗi.

Talata da Laraba, wanki da kitso. In dogon hutu ne na damina, kaya kan kwana biyu a igiya ba su bushe ba, in kika cusa su da danshi cikin jaka kuwa kafin ku kai Jaji sun fara warin ruma. Da hunturu suna bushewa nan da nan, sai dai a kwashe da wuri kafin ƙura ta mayar da fari ja. Kitso da lalle ma a yi su a nan. Wadda ta bari sai jajiberen Sallah ta san layin gidan mai kitso, sai ki shiga da la'asar ki fito sha biyun dare da ciwon wuya.

Alhamis, guga. Dokar guga ɗaya ce a garin nan: duk lokacin da aka kawo wuta shi ne lokacinta, ko kina tsakiyar kallon fim ne. In Nepa sun yi halinsu, dutsen guga na gawayi bai mutu ba, a hura shi tun da rana.

Af, na kusa mantawa. Ke mai saurayi, ki gaya masa da daɗin baki ya zo sallama ranar Laraba ko Alhamis. In kika bari ya zo daren Juma'a, ke kina ƙofar gida ana "Allah ya sa kada ki manta da ni", Umma tana ciki ita kaɗai tana fama da jakunkuna tana ƙwala miki kira. In mai sonki ne da gaske zai ma fi ganin ƙimarki.

Cikin jaka

Jakar nan mai zanen ja da shuɗi da muke ce wa Ghana-must-go, kin san inda ta samo suna? A 1983 ne gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin 'yan kwanaki su bar Nijeriya, da yawansu mutanen Ghana ne, suka cusa abin da ya samu cikin irin jakar nan suka kama hanya. Jakar gaggawa ce tun asali, amma ke ba korar ki aka yi ba, don haka ki shirya ta a natse.

Ki ƙirga kwanakin da za ku yi, ki fitar wa kowane yaro kaya daidai kwanakin da ƙarin biyu. Kowace shiga ki haɗa ta wuri guda, riga da zani da ɗankwali da na ciki, ki naɗe su tare kamar tabarma, don da safe hannu ɗaya za ki zura ki ciro ba sai kin birkita jaka ba. Kayan kowane yaro cikin ledarsa ko ƙunshin tsohon zani, mai launi daban, yadda ko auta zai gane nasa. Takalma a ƙasa cikin leda, leshi da shaddar Sallah a sama. Manja da man gyaɗa da turare kada su kusanci tufafi ko kusa, a toshe bakin galan da leda a ɗaure, a sa shi jaka daban, domin yaran mota ba su san akwai atamfar Umma a ciki ba, hawa kan kaya suke su danna da gwiwa. Ki ɗaura wa kowace jakarku ƙyalle iri ɗaya a hannu, don a but ɗin mota duk Ghana-must-go kamarsu ɗaya. Ke kuma ki rage zari, kwana biyar za ki yi ba tarewa za ki ba, takalmi biyu sun isa.

Sai ƙaramar jaka, wadda ba ta shiga but, a cinyarki za ta zauna har ku sauka. A cikinta akwai magunguna da katin asibitin yara, da gishirin zawo, da famfas da kayan canjin jariri, da audugar mata ko da lokacinki bai yi ba, da cajar waya, da shaidar ɗan ƙasa, da tikiti in jirgi ne, da hijabi na sallah, da ruwa da ɗan cincin ko dabino na toshe bakin yara. A kuma riƙe kuɗi a hannu har da canji. Wahalar takardun naira ta farkon 2023 ta koya wa kowa darasi, kuma har yanzu sai ki tsaya a tasha sabis ya ɗauke, mai POS yana danne-danne, mota tana cika a gabanki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

A nan zan ɗan juya wajen iyayenmu mata, ku yi haƙuri. Sau da yawa akan jibga wa yarinya ɗaya komai, samarin gida kuwa suna waje suna ƙwallo, sai an gama su zo suna tambayar ina wandonsu. A raba aikin tun ranar da aka manna takarda. Yaya ya karɓo ɗinki, ya ciro kuɗi, ya yi magana da mai Keke tun daren Juma'a a kan ya zo ƙarfe shida saura kwata. Yaron da ya kai aji uku na firamare zai iya ninke kayansa ya kawo a duba. Ke kuma in za ki nemi taimako ki nema da ladabi tun da sauran kwanaki: "Yaya don Allah gobe in ka taso ka biya wajen tela." Wannan ya fi ki bari sai ranar tashi ki fashe da kuka.

Daren Juma'a bayan isha'i a zagaya gida. A kashe gas daga jikin tukunyarsa, a zare soket, a kwashe abin da zai lalace cikin firji a ba maƙwabta. In gidanku yana kusa da kogi, irin gangaren Nasarawa ko Barnawa, kuma damina ce, a ɗage buhun abinci da takardun makaranta da katifa daga ƙasa, don kogin nan ya sha shiga gidaje ba sallama. A gaya wa maƙwabcin da aka amince da shi ranar tafiya da ranar dawowa. Allah ya sani, a unguwanninmu na ƙetare akwai gidajen da Musulmi ke tsare wa Kirista gida da Kirsimeti, shi kuma ya tsare masa da Sallah, wannan zumunci a riƙe shi da kyau. Ke kuma ki riƙe hannunki, kada ki hau WhatsApp ki sanar wa duniya cewa gidanku ba kowa har mako biyu, hotunan sa jira ki dawo.

Kayan da kowa zai sa da safe a rataye su daban, takalmin auta a ɗora kan jakarsa, makulli a jikin ƙofa. A kwantar da yara da wuri. Sauri ya haifi nawa, amma wadda ta gama tun dare ba ta da abin yi wa sauri.

Kada kuma ki manta da dawowa, ita ma tafiya ce. Ki wanke kayan makarantarku ki goge ki ajiye kafin ku tafi, aikin hutu kuma ki sa littafin a jaka ki rinƙa taɓawa can. Ki roƙi Baba ku dawo saura kwana biyu a koma makaranta, don duk wanda ya bari sai Lahadin ƙarshe zai tarar da tashar Kano ta cika, kuɗin mota ya tashi, ku iso Kawo da dare ga gada a gaba.

Wadda ta bi wannan tsari, ƙarfe shida da 'yan mintoci za ta same ta a kan gada, hazo bai gama tashi daga kan ruwa ba, masunta suna jan taru, ƙannenta suna leƙe suna gardamar ko har yanzu akwai kada a kogin, Umma kuma ta yi addu'ar tafiya cikin kwanciyar hankali ba tare da ta ɗaga wa kowa murya ba. In kun isa kuma, kaka za ta buɗe ƙunshin tsarabarta ta ga citta da manja an ɗaure tsaf, ta dubi Umma ta ce, "Wannan aikin wace ce?" Ranar za ki ji daɗin da ya fi na sabon leshi.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya tsare mana hanyoyinmu. A gaishe da su kaka, a kuma taho mana da tsarabar ƙuli-ƙuli da daddawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.